Kayan ƙwalamar taronmu: mu riƙa yi da hannunmu, mu san abin da muke ci



A wata walima da na halarta a Kubwa, an zagayo da faranti cike da kayan ƙwalama irin na zamani: samosa, fanke, da wasu 'yan dunƙule-dunƙule gasassu na sosej da cuku. Yara suka yi caa a kai. Da farantin ya iso gaban wani dattijo cikin iyayenmu, sai ya ɗauki guda ya jujjuya, ya ce, "'Yata, naman mene ne a ciki?" Mai rabon ba ta sani ba. Aka tambayi uwar biki, ita ma ta ce saye aka yi. Baba ya mayar da shi a hankali, bai ce komai ba. Waɗanda ke kusa da shi duk suka janye hannu. Kuɗi sun tafi, abinci ya koma madafa, uwar biki kuma ta wuni cikin kunya.

Tun ranar nake son in yi wannan magana. Ra'ayina shi ne, irin wannan abinci ba abin ƙi ba ne, amma a taron ƙungiya da bukukuwanmu mu ne ya kamata mu yi shi da kanmu, da naman da muka san inda aka yanka shi.

Ba zargin masu sana'a nake yi ba. Da yawa daga cikin masu wannan sana'a a Abuja naman sa ko na kaza suke amfani da shi, kuma a cikinsu akwai 'ya'yanmu. Sosej rol ɗin Gala ma, da ake sayarwa a cikin cunkoson motoci, tun 1962 yake kasuwa, mun taso muna ci. Matsalar ita ce kalmar sosej ba ta faɗin wace dabba ce. A Turai da Amurka yawancinsa da naman alade ake yi. Waɗannan 'yan dunƙulen na sosej da cuku sun shahara a kudancin Amurka, inda ake yin su lokacin bukukuwan ƙarshen shekara, kuma asalin haɗinsu da naman alade ne. Har sosej ɗin da aka rubuta na sa ne, wani lokaci fatar da aka ɗura naman a ciki hanjin alade ce. Wanda zai saya a manyan kantuna, to ya juya bayan leda ya karanta kayan haɗin, ya duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi. Amma idan an riga an yanka an gasa an zuba a faranti, wace leda za ka karanta?

Abin da mutane da yawa ba su lura ba shi ne, sosej ba wani abin mamaki ba ne. Niƙaƙƙen nama ne da kitse da gishiri da kayan ƙamshi. Mu da muka gāji kilishi da dambun nama da tsire, wa zai koya mana sarrafa nama? Ga mayankar Karu, ga kasuwar dabbobi ta Dei-Dei, ga mahautanmu a kasuwannin Wuse da Garki da Utako. Ka zaɓi tsokarka, a niƙa maka a gabanka.

Cukun ma muna da namu. Matan Fulani sun daɗe suna daskarar da madara da ruwan ganyen tumfafiya, abin da Yarbawa ke kira wara, a Gana kuma wagashi. Sai dai a sani, shi ba ya narkewa ya yi yauƙi kamar cukun kanti. Wanda ke son yauƙin nan da yara ke so, sai ya haɗa rabi da rabi da irin su cheddar ko mozzarella. Shi ma na kantin a karanta ledarsa, domin akwai wanda ake daskararwa da sinadarin cikin ɗan maraƙi, akwai na tsirrai. Mai neman hukunci a kan wannan ya tambayi malamai.

Ga yadda nake yi a gida. Rabin kilo na niƙaƙƙen naman sa mai ɗan kitse, domin tsoka zalla tana bushewa. A zuba masa albasa guda da aka yanka ƙanana, tafarnuwa, citta, attaruhu, masoro, ɗan kanumfari, gishiri da dunƙulen ɗanɗano, a cakuɗa a bar shi cikin firji kamar rabin awa ya sha haɗi. Sannan a kawo fulawa kofi biyu da bekin fauda ƙaramin cokali biyu, da cuku gurzajje kamar giram 200, da ƙwai ɗaya. A kwaɓa da hannu. Idan ya yi tauri a ɗiga madara kaɗan-kaɗan har ya haɗu. A mulmula daidai girman goro, a jera a faranti da aka shafa wa mai, a bar tazara tsakaninsu. A gasa a obin mai zafin digiri 180 na minti 20 zuwa 25. Kafin a sauke a fasa guda a duba. Muddin akwai ja a tsakiya, bai yi ba. Wannan haɗin yana ba ni guda talatin da wani abu. A kawo shi da yajin ƙuli a gefe, za ku ba ni labari.

Wadda ba ta da obin, ko wuta ta ɗauke mata, kada ta ce an bar ta a baya. Babbar tukunya da yashi mai tsabta ko gishiri a ƙasa, a ɗora ƙaramin faranti a kai, a rufe, a kan gas ko gawayi: haka iyayenmu mata suka gasa kek shekara da shekaru. Abu ɗaya dai, niƙaƙƙen nama ba ya son zafin Abuja, musamman a watannin Maris da Afirilu. A gasa ranar taron, kada kuma a bar shi ya wuce awa biyu a fili.

Na san akwai masu cewa me ya kai mu? Ga masa, ga alkaki, ga nakiya da dubulan, ga dambun nama. Gaskiyarsu, kuma ni ba zan yarda a yi taron Hausawa babu masa ba. Amma mu dubi 'ya'yanmu da aka haifa a Gwarinpa da Lugbe da Nyanya. Suna zuwa bikin abokansu na makaranta, suna ganin waɗannan abubuwa, suna so. Idan muka ce ba za a yi a gida ba, za su ci a waje, inda babu mai tambaya. Gara su ci na hannun uwarsu, kusa da masa a faranti guda, su san cewa namu ma ya iya.

Wasu kuma za su ce wahala ce, ma'aikata ne mu, ina lokaci? Wannan ma gaskiya ne, ba kowa ke da sukunin tsayawa a madafa ba. To amma a cikinmu akwai zawarawa, akwai 'yan mata da suka gama karatu suna zaune, akwai matan da mazajensu suka rasa aiki. Kuɗin da muke tarawa duk taro muna kai wa waje, me zai hana ya zagaya a tsakaninmu? A ba mata uku ko huɗu kwangilar, a saya musu nama daga mahaucin da aka sani, a biya su haƙƙinsu cikakke ba tare da an ce ai na gida ne a rage ba. Wadda ta ƙware a taronmu, gobe ita za a kira a bikin wasu. Da haka sana'a ke farawa.

Shawarata ga kwamitin shirya taro guda biyu ce. Ta farko, duk abin da aka kawo mai nama a ciki, a samu mutum ɗaya da zai iya faɗin naman mene ne da inda aka saye shi. Ta biyu, a taro mai zuwa a gwada ba 'yan uwanmu mata wannan aiki, ko da faranti biyu ne, a ga yadda za ta kaya. Ni na ɗauki alkawarin koya wa duk mai so ranar Asabar, ta zo da fulawarta kawai.

Ina so in ga ranar da Baba zai sake ɗaukar guda ya yi tambayarsa, wata daga cikinmu ta durƙusa ta ce, "Naman sa ne Baba, ni na saya, ni na gasa." Ya yi bisimilla ya ci.

Allah ya bar zumunci, ya sa albarka a abin da muke ci.