Gishiri da Gansakuka: Kafin Ku Sa Kifin Teku a Falo

Akwatin gilashi na kifin ado ya fara shiga falukanmu, kuma bidiyoyin TikTok sun sa wasu na sha'awar kifin teku mai launin ruwan lemo da shuɗi. Sha'awa ce mai kyau, amma kafin ku cire kuɗi, ku san abubuwa biyu da suke hallaka sabon akwati: gishiri da gansakuka.

Mu fara da gishiri. Ledar ruwan gishirin da muke ɗaura wa majinyaci a asibiti tana ɗauke da giram 9 na gishiri a kowace lita. Ruwan teku kuwa yana da kusan giram 35, wato ninki huɗu saura kaɗan. Jikin kifin teku an halicce shi ne kan wannan awon: yana shan ruwan, yana fitar da rarar gishirin ta matsefatarsa. Idan awon ya riƙa hawa da sauka, kifin zai galabaita, kamar yadda jikin yaro mai gudawa ke rikicewa idan ruwa da gishirin jikinsa suka kauce wa daidai.

Ga inda yanayinmu yake shigowa. A Gusau, Tsafe da Bungudu, iskar hunturu busasshiya ce, zafin Afrilu kuma kan wuce digiri 40. Ruwa yana ƙafewa, gishiri ba ya ƙafewa. A ce akwatinku lita 100 ne, cikinsa akwai gishiri kilo uku da rabi. Lita 5 kacal ta tashi, awon ya koma kusan giram 37. Idan kuka cike gurbin da ruwan gishiri, kun ƙara gishiri a kan gishiri, kuma haka zai yi ta taruwa mako bayan mako. Don haka abin da ya ƙafe, da ruwan daɗi zalla ake mayar da shi. Ku yi alama da biro a jikin gilashin, kullum ku cike zuwa wurin. Ku mallaki na'urar awon gishiri, ku riƙe ta a wajen 1.025. Gishirin miya ba zai yi ba, domin ba shi da kalsiyam da magnesiyam da sauran sinadaran teku. Akwai gishirin da aka haɗa musamman don haka.

Sai gansakuka. A makonnin farko za ku ga wata ƙura mai ruwan ƙasa ta lulluɓe gilashi da yashi. Kada hankalinku ya tashi, yawanci tana gushewa da kanta. Sabon akwati yana buƙatar mako 4 zuwa 6 kafin ƙwayoyin bakteriya masu amfani su zauna, su riƙa sauya gubar amoniya da ke fitowa daga kashin kifi zuwa naitiret mai sauƙin illa. Wanda ya zuba kifi goma ranar farko, kifinsa ne za su biya kuɗin gaggawarsa.

Koriyar gansakuka abu biyu take ci: haske da ragowar abinci. Ku nisanta akwatin daga taga, fitila kada ta wuce awa 8 a rana. Ku ba kifi abin da za su cinye cikin minti biyu, ku kuma hana yara zuba musu biskit da tuwo don tausayi. Duk mako ku canza kashi ɗaya cikin goma na ruwan da sabon haɗi mai awo ɗaya. Ruwan famfo yana iya zuwa da kulorin, na rijiya da na burtsatse kuma da naitiret da ke ciyar da gansakukar. Ruwan da aka tace da na'urar RO, irin wadda wasu masana'antun ruwan leda ke amfani da ita, shi ne ya fi dacewa.

Masu kiwon tarwaɗa a tanki a bayan gida, darasin ya shafe ku. Ɗan kore-kore ba laifi, amma idan ruwan ya yi kauri kamar miyar kuka, gansakukar tana shanye iskar oksijin da dare. Shi ya sa ake ganin kifi na haki a saman ruwa da asuba.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, ina roƙonku abu uku. Ku rufe kowane tanki, domin yaro mai rarrafe yana iya nitsewa a ruwan da bai kai taƙi ɗaya ba. Ku ɗaga soket sama da inda ruwa ke fantsama, ku kashe shi kafin ku tsoma hannu. Mai rauni a hannu ya sa safar roba, kowa kuma ya wanke hannu da sabulu bayan aikin.

Shawarata ita ce, idan ba ku da sola ko batirin da zai riƙe famfon iska dare da rana, da hanyar riƙe ruwan tsakanin digiri 24 zuwa 27, ku fara da kifin ruwan daɗi. Ya fi araha, ya fi haƙuri, kuma yara za su koyi kula da rai a kansa. Allah Ya sa albarka a gidajenmu.