Ba Inuwar Duniya Ke Cin Wata Ba

Jama'a, akwai wata amsa da ta zama ruwan dare a bakin 'yan makaranta, wadda nake ganin lokaci ya yi da za mu rabu da ita. In ka tambayi ɗalibi abin da ya sa wata yakan tsaya siriri kamar lauje, ya yi ta girma har ya cika daren sha huɗu, sa'an nan ya koma yana raguwa, sai ya gyara tsayuwa ya ce maka wai inuwar duniya ce ke rufe shi. Ni kaina abin da na rubuta ke nan a jarrabawar labarin ƙasa muna aji biyu, malam ya ratsa shi da jan biro. Tsohon da ya ce maka ikon Allah ne ya yi shiru ya fi mu gaskiya, domin shi bai faɗi abin da ba haka ba.

Ga yadda abin yake. Wata ba shi da hasken kansa, aro yake yi daga rana. Dunƙulalle ne kamar lemo, saboda haka kullum rabinsa na shan haske, rabinsa na cikin duhu. Wannan ba ya sakewa. Abin da ke sakewa shi ne inda watan yake a kewayen da yake yi wa duniya, watau ta wane gefe muke hangensa. Wanda bai yarda ba ya jarraba yau da dare. A kunna fitilar ƙwai a ɗaki mai duhu, ka riƙe lemo ka miƙe hannu, ka riƙa juyawa a hankali a inda kake tsaye. Fitila ce rana, kanka ne duniya. In lemon na wajen fitila, gefen duhu ne ke kallonka. In ka ɗan juya sai ka ga bakinsa ya yi haske siriri, ga jinjirin wata ke nan. In ka ba fitila baya, ka ɗaga lemon sama da kanka kaɗan, sai ka gan shi fari duka.

Sama ma da kanta tana ƙaryata maganar inuwa. Inuwar kowane abu tana faɗuwa ne nesa da haske, ba wajensa ba. Da magariba rana na yamma, ashe inuwar duniya gabas ta nufa. To, jinjirin wata fa a ina muke nemansa? A yamma, dab da inda rana ta faɗi. Yaya inuwar da ke gabas za ta ci watan da ke yamma? Daren bakwai kuma za ka same shi a tsakiyar sama, rabi daidai, kamar an yanka da wuƙa, kuma gefen da ke haske shi ne mai fuskantar yamma.

Akwai dai daren da inuwar duniya takan hau wata, shi ne husufi, wanda yara kan fito suna kaɗa gwangwani wai rana ta kama wata. Wannan ba ya faruwa sai wata ya cika, lokacin da duniya ta shiga tsakaninsa da rana. Bai zama na kowane wata ba don hanyar wata a karkace take da kimanin digiri 5, galibi sai ya wuce ta sama ko ta ƙarƙashin inuwar. Husufin rana kuwa sai ƙarshen wata, kamar wanda ya duhunta wasu garuruwan arewacin Nijeriya da Nijar da safiyar 29 ga Maris, 2006, a ƙarshen Safar.

Wani zai ce, to mene ne abin tayar da jijiyar wuya a kan wannan? Dalili kuwa, mu ba kamar waɗanda ke kallon wata don sha'awa kawai ba ne. Da shi muke ɗaukar azumi, da shi muke ajiyewa. Daga tsayuwar wata zuwa wata tsayuwar kwana 29 ne da rabi, shi ya sa wani watan ya yi 29, wani ya cika 30, shekarar Hijira kuma ta zo kwana 354, ta gaza ta Bature da kimanin kwana 11. Da wannan ratar ce azumi ke ja da baya, ya faɗo a bazara, ya faɗo a hunturu, ya kewayo cikin shekara 33 ko kusa da haka.

Kowace shekara kuma sai an yi gardama a ƙofar masallaci. Da an ga jinjiri ya ɗan yi kauri, ko ya daɗe bai faɗi ba, sai ka ji ana cewa wannan ai ɗan kwana biyu ne, an ci mana azumi ɗaya. Haƙiƙa kaurin wata ba hujja ba ne. Jinjirin da bai kai kimanin awa 15 da rabuwa da saitin rana ba, ido ba ya kama shi. A ce jiya da magariba yana da awa 13, ba wanda ya gan shi. Yau kuwa yana da awa 37, dole ya fito da kauri, ya kuma daɗe a sama, alhali kuwa daren farko ne da aka gan shi. Na ga dattawa biyu maƙwabta sun yi kwanaki ba sa gaisawa a kan wannan magana, ga 'ya'yansu 'yan sakandare a tsaye, ba wanda ya iya cewa uffan.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce ɗalibi ya ɗauki littafi ya ƙalubalanci sanarwar Sarkin Musulmi ba, wannan aikin malamai ne da shugabanni. Abin da nake cewa, mai neman wata ya san inda zai duba da abin da zai gani. In an ga tsohon wata da asuba a gabas, da wuya ƙwarai a ga sabo da magaribar wannan ranar. In mutum ya ce ya ga jinjiri ƙahoninsa na kallon inda rana ta faɗi, to, wani abu ya gani daban, domin bayan jinjiri ne ke fuskantar rana.

Roƙona ga malamanmu shi ne a fitar da wannan darasi daga allo. A sa kowane ɗan aji ɗaya ya ware shafi guda, ya riƙa zana wata kowane dare bayan sallar magariba, ya rubuta inda ya gan shi. Da kansa zai lura cewa bayan daren sha huɗu watan na makara da kimanin minti 50 kowane dare, har ya kai sai mai tashi asuba ke ganinsa. Iyaye kuma, in yaro ya ɗauki fitila da lemo ya shiga ɗaki, don Allah kada a ce ɓarnar kananzir yake yi.