Dokar ruwan sha: a fara jin bakin mai sha

Ruwa ba ya tsami banza. Mazauna garin Parkersburg na ƙasar Amurka sun shekara da shekaru suna shan ruwa garau, marar wari, alhali masana'antar kamfanin DuPont tana zubar da sinadarin PFOA a yankinsu. Sai da talakawa suka kai ƙara kotu, aka gwada jinin mutum kusan 69,000, kafin masana su bayyana a 2012 cewa da alamar dangantaka tsakanin sinadarin da ciwon daji na ƙoda da na maraina. PFOA ɗaya ne daga dangin PFAS, waɗanda ake sawa cikin kumfar kashe gobara da kaskon suya da ba ya kama abinci. Ba sa ruɓewa a ƙasa, kuma sukan daɗe cikin jinin ɗan Adam. A 2023 cibiyar binciken ciwon daji ta hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sa PFOA cikin jerin abubuwan da ke haddasa cutar.

Abin lura shi ne hanyar da aka bi wajen kafa doka. A watan Maris na 2023 hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta baje daftarinta a fili, ta ba jama'a kwana 60 su faɗi albarkacin bakinsu. Ra'ayi wajen 120,000 ya iso gare ta, daga likitoci da iyaye har kamfanonin ruwa masu kukan tsadar tacewa. A watan Afrilu na 2024 ta ƙayyade cewa PFOA da ɗan'uwansa PFOS kada kowannensu ya wuce nanogaram 4 a lita guda. Da mulki ya sauya hannu, a watan Mayu na 2025 hukumar ta sanar da niyyar ɗage wa'adin aiki da dokar daga 2029 zuwa 2031, da janye iyakar wasu sinadarai huɗu. Ke nan jin ra'ayin jama'a bai hana a ja da baya ba. Amma ya bar hujja a rubuce, wadda duk mai son sassauta doka tilas ya amsa ta gaban alƙali.

Nijar ta san kuɗin da ake biya in aka yi shiru. A Tibiri ta jihar Maraɗi, rijiyar burtsatsen da aka buɗe a 1985 ta shayar da gari ruwa mai yawan sinadarin fuliyo fiye da shekara 10, har ɗaruruwan yara suka nakasa. Ba ciwon daji ba ne, amma ciwon rashin sanarwa ne. A Arlit kuwa, ƙungiyar Greenpeace ta bayyana a 2010 cewa huɗu daga samfurin ruwa biyar da ta auna sun zarce mizanin yuraniyom na OMS.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma guba marar launi sai awo ke tona ta. Don haka wajibi ne hukumomin ruwa su riƙa buga sakamakon awon kowane famfo da rijiya, a karanta shi a gidajen rediyo cikin harsunan ƙasa. Duk wata dokar ingancin ruwa kuma a kai daftarinta unguwanni da karkara, matan da ke ɗibar ruwa su tofa nasu, a rubuta amsar da aka ba su. Tambayar ra'ayin wanda aka ɓoye wa alƙaluma ba shawara ba ce, rufa ido ce.