Kafin ki ci bashin asusu don risho na kuran

Tun da aka samu zinariya a Jado a 2014, kayan Libiya suka cika mana kasuwa, har da risho na kuran. Mata da dama na son cin bashin asusu su saya don sana'ar abinci, tunda itace a nan ya fi nama wuya. Ban hana ba. Amma kuɗin risho kaɗai ba su ne kuɗinsa ba.

Risho mai kai ɗaya yana jan wat 1000 zuwa 1500, wato abin da ƙwan fitila fiye da ɗari na zamani ke ci. Ƙaramin gurup ɗin da ke kunna talabijin ba ya ɗaukarsa, balle fanno ɗaya na hasken rana. Ki fara tambayar ƙarfin injinki.

Sai waya. Siririyar wayar nan ta cajin salula, don Allah kar a jona risho da ita. Zafi take yi a hankali, robar ta narke, ga rufin ganyen dabino a sama. Risho na son wayarsa shi kaɗai tun daga tushe: mai kauri 2,5 ga mai kai ɗaya ko biyu, mai kauri 6 da dijonkter na amfer 32 ga babba mai tanda.

Inda na fi so ku saurara shi ne waya ta uku, mai launin kore da rawaya. Ita ce wayar ƙasa. In kuran ya zubo a jikin ƙarfen risho, ita ke kai shi ƙasa maimakon ya bi ta hannunki mai jiƙe. Masu haɗi da yawa yanke ta suke yi, wai ai yana aiki haka nan. Yana aiki, har ranar.

To mu nan matsalarmu rairayi. Busasshen rairayi ba ya shan kuran sosai, ko an kafa ƙarfen. Sai a sa sandar tagulla mai tsawon kamar mita biyu, a wuri mai laima, a riƙa zuba mata ruwa. A ƙara da dijonkter mai yanke wuta da kansa, wanda aka rubuta 30 mA a jikinsa. Yana da ɗan maɓalli na gwaji. Ki danna shi duk wata, ranar zubi ma ta isa. In wuta ba ta ɗauke ba, ki cire risho, a kira mai gyara.