Injiniya ɗaya ga kwaminoni huɗu: haɗin gwiwa ko rasa iko?

Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 kowace kwamin a Nijar ta samu magajin gari da kasafin kuɗinta. A 2016 gwamnati ta miƙa musu wani ɓangare na aikin ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Aiki ya ƙaru, amma ma'aikata ba su ƙaru yadda ya kamata ba.

Gundumar Agiye kwamin biyu gare ta, Agiye da Cadawa. Gazawa ma biyu, Gazawa da Gangara. Gidan Rumji biyar: Gidan Rumji, Tsibiri, Cadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa. Kowaccensu tana buƙatar wanda zai duba ginin aji ko rijiya, da wanda ya san ƙa'idar ba da kwangila, da wanda zai riƙe lissafi a kwamfuta. Da lanho da kuɗin kasuwa kaɗai, kwamin ta karkara ba ta iya biyan mutum uku irin waɗannan. Sai ɗan kwangila ya gama gini babu wanda ya auna siminti, damina biyu bango ya tsage.

Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta ba su damar haɗa kai a kan aikin da ya shafe su tare. Agiye, Cadawa, Gazawa da Gangara, har zuwa 2011 gunduma ɗaya suke. Me zai hana su ɗauki injiniya guda, kowa ya biya kasonsa? A Faransa, inda kwaminoni suka kai kusan 35,000, da irin wannan haɗin ƙananan ke tafiyar da ruwa da shara.

To amma akwai abin tsoro. Ma'aikacin haɗin gwiwa a babban gari zai zauna, kuma wanda ke kusa da tukunya shi ke fara ɗiba. Takardar Gangara za ta iya wata guda a kan tebur. In aiki ya lalace kuma, wa talaka zai tuhuma?

Shi ya sa a ganinmu ba kome ake haɗawa ba. Injiniya, masanin kwangila da mai gyaran kwamfuta, a haɗa. Takardar haihuwa da asusun kuɗi, kowace kwamin ta riƙe nata. Bai kamata mace mai goyo ta hau kabu-kabu zuwa wani gari don takardar jariri ba.

Saura batun wanda zai sa hannu. Tun watan Afrilun 2024 aka rusa majalisun kwaminoni, kantomomi ke riƙe da su. Duk yarjejeniyar da za su ƙulla, a rubuta ta: kuɗin da kowa zai zuba, ranakun da ma'aikacin zai yi a kowace kwamin, da wa'adinta. A karanta ta a rediyo, hakimai da masu gari su ji, kuma a bar wa zaɓaɓɓu damar sake dubawa ranar da suka dawo.