Yawan soja kaɗai ba ya buɗe kasuwa



Duk lokacin da aka tare motocin kasuwa a hanya, ko aka afka wa wani ƙauye, magana ɗaya ake ji a tasha da cikin rumfuna: a ƙaro sojoji. Wannan kuka ne na gaskiya, domin wanda aka kashe wa ɗan'uwa ko aka kwashe wa dukiya ba ya da lokacin dogon lissafi. To amma ya kamata mu tsaya mu tambayi kanmu: shin idan aka ƙara yawan askarawa a yaƙi da ƴan tawaye ko ƴan ta'adda, kashe-kashe suna raguwa? An gwada a Iraƙi, an gwada a Afganistan, an kuma gwada a nan yankinmu na Sahel. Bari mu duba abin da ya fito.

A shekarar 2006, bayan an tarwatsa wani babban masallacin ƴan Shi'a a garin Samarra, Iraƙi ta faɗa cikin kisan ramuwar gayya tsakanin ƴan Sunni da ƴan Shi'a. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya fararen hula sama da dubu 34 da aka kashe a wannan shekara kaɗai, wato kusan mutum dubu 3 kowane wata. A watan Janairun 2007 shugaban Amurka George Bush ya ba da sanarwar ƙarin sojoji. Waɗanda aka ƙara sun kai wajen dubu 30, har yawan sojojin Amurka a ƙasar ya kusa dubu 170.

Da farko abin bai gyaru ba. A farkon watan Afrilun 2007 wani babban ɗan majalisar dattawan Amurka, John McCain, ya shiga kasuwar Shorja ta birnin Bagadaza domin ya nuna wa duniya an samu lafiya. Ya shiga ne sanye da rigar sulke, sojoji sama da 100 suna kewaye da shi, jirage masu saukar ungulu suna shawagi a sama. Kafin watan ya ƙare, bam ya tashi a kasuwar Sadriya ta wannan birni, ya hallaka mutum wajen 140. Kowace mai tallar kayan miya ta san cewa kasuwar da sai da soja ɗari ake shigarta ba ta ci ba tukuna.

Amma gaskiya ɗaya ce, daga baya kashe-kashen sun ragu ƙwarai. A rabin ƙarshe na 2008 waɗanda ake kashewa a wata ba su kai dubu ɗaya ba. Sai dai abubuwa uku ne suka haɗu da ƙarin sojan. Na farko, tun watan Satumban 2006 shugabannin ƙabilun Sunni na jihar Anbar suka juya wa ƙungiyar Alƙa'ida baya, saboda ta kashe musu dattawa ta kuma danne musu hanyoyin neman abinci. Amurka ta ɗauki matasa kusan dubu 100, mafi yawansu ƴan Sunni, suna gadin unguwanninsu, kowane ana biyansa dalar Amurka 300 a wata, wajen jika 140 kenan na kuɗinmu a lokacin. Na biyu, a watan Agustan 2007 malamin Shi'a Muƙtada Sadr ya umurci mayaƙansa su tsagaita wuta. Na uku, kwamandan sojan Janar David Petraeus ya fitar da askarawa daga manyan barikoki, ya zaunar da su a ƙananan sansanoni cikin unguwanni, dare da rana, har mutane suka saba da su suka fara tsegunta musu inda ake ɓoye makamai. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari.

Me ya biyo baya? Sojojin Amurka sun fita a watan Disamban 2011. Gwamnatin Nuri Maliki ba ta cika alkawarin ɗaukar mafi yawan waɗancan matasa aiki ba, ƴan Sunni suka ga an maida su saniyar ware. A watan Yunin 2014 birnin Mosul ya faɗa hannun ƙungiyar Da'esh. Soja ya sayo wa ƴan siyasa lokaci, su kuma suka ɓarnatar da shi.

A Afganistan an so a maimaita dabarar. A watan Disamban 2009 shugaba Barack Obama ya ƙara sojoji dubu 30, yawan na Amurka ya kai wajen dubu 100. Amma a can ba a samu ƙabilun da suka tashi tsaye irin na Anbar ba, ƴan Taliban suna da mafaka a ƙetaren iyakar Pakistan, talakawa kuma sun gaji da cin hancin ma'aikatan gwamnatin Kabul. Fararen hular da aka kashe sun tashi daga wajen 2.400 a 2009 zuwa sama da 3.000 a 2011. Ranar 15 ga Agustan 2021 ƴan Taliban suka shiga Kabul.

Yanzu mu dawo gida. Bayan harin Inates na watan Disamban 2019 inda muka rasa sojoji 71, da na Shinagodar a Janairun 2020 inda muka rasa 89, an yi taro a garin Po na ƙasar Faransa, aka ƙara sojojin rundunar Barkhane daga 4.500 zuwa 5.100. An kashe wasu manyan ƴan ta'adda, babu musu. Amma a ranar 15 ga Maris 2021 aka tare motocin da ke dawowa daga kasuwar mako ta Banibangu, aka kashe mutum 58. Kwana shida bayan haka aka kashe 137 a yankin Tiliya cikin jihar Tawa. A ƙarshen 2023 sojojin Faransa suka bar Nijar, matsalar kuwa ba ta tafi tare da su ba.

Mutanen jihar Difa ma suna da labarinsu. Da Boko Haram ta kai hari Boso da Difa a watan Fabrairun 2015, an kafa dokar ta-ɓaci, an hana hawan babur, an hana cinikin tattasai da kifin tafkin Cadi, an rufe wasu kasuwanni. Manufar magabata ita ce a toshe wa ƴan ta'adda hanyar samun kuɗi. Amma sai da aka yi shekaru kafin a ɗage hanin tattasai da kifi, kuma a tsawon wannan lokaci ɗan kabu-kabu da masunci da mai ɗaukar kaya a kasuwa duk sun zauna hannu rabbana. Saurayin da ba ya da abin sayen koko da safe, shi ne mafi sauƙin ruɗi ga mai bindiga da ya zo masa da babur da kuɗi.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Ba mu ce a rage sojoji ba. Ƙasa mai faɗin Nijar da dogayen iyakoki tana bukatar askarawa masu yawa, da kayan aiki, da albashi a kan lokaci. Waɗanda ke kwana a daji domin mu yi barci ƴaƴanmu ne da ƙannenmu, sun cancanci addu'a da godiya. Abin da muke cewa shi ne, adadi shi kaɗai ba magani ba ne.

Saboda haka muna kira ga magabata da abubuwa huɗu. Sojan da aka kai ƙauye ya zauna, kada ya zo da safe ya koma da la'asar ya bar wanda ya ba shi labari a hannun masu ramuwa. A riƙa yi wa motocin kasuwa rakiya ranar kasuwa maimakon a rufe kasuwar. A hukunta duk mai kaki da ya karɓi na goro a shingen bincike ko ya ci zarafin wanda bai ji ba bai gani ba, domin zalunci ɗaya yana haifar da maƙiya goma. Sannan a sa sarakuna da malamai da ƙungiyoyin ƴan kasuwa cikin sasanta rikicin manoma da makiyaya, wanda ta nan ne ƴan ta'adda suka fi samun ƙofar shiga. Kada mu manta, tawayen arewa na shekarun 1990 sulhu ne ya kwantar da shi, shi ya sa muke tunawa da ranar 24 ga Afrilun 1995.

Ku kuma ƴan kasuwa, ma'aunin yana hannunku. Idan an ce muku an ƙara soja, ku tambaya: direbobi sun yarda su ɗauki lodi zuwa can? Kuɗin mota ya sauka? Tiyar hatsi ta yi sauƙi? Mata suna zuwa cin kasuwar ƙauye su dawo gida bayan magariba ba da fargaba ba? Ranar da amsar ta zama i, to ranar ce za mu ce ƙarin ya yi amfani.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kare askarawanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya mai ɗorewa. Amin.