In an yanke tumbin Goggo, wa zai ci gaba da duba ta?

Goggona, ƙanwar mahaifina da ke Tsibiri, shekara uku ke nan tana sallah a zaune. Gwiwa ta ƙi ɗaukar ta. Ga ciwon suga, ga hawan jini, da dare kuma minshari har numfashi ya riƙa ɗaukewa. Ɗanta da ke Abuja ya bugo waya ya ce zai fitar da ita Masar a rage mata tumbi. Tun ranar gidan ya rabu biyu, kuma da yake na taɓa aikin jinya, kowa ni yake jira.

Masu cewa ta rage ci kawai ba su taɓa zama kusa da mai irin wannan ƙiba ba. Ta rage. Ta bar lemun kwalba, ta daina zuba suga a fura, tuwon shinkafa ya koma malmala ɗaya. Kilo shida ya sauka, kafin shekara ya dawo. Haka jiki yake, in nauyi ya ragu sai yunwa ta ƙaru, shi kuma ya rage ƙona abinci. Gyaran ci da motsa jiki kan sauke kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi. Wannan ba abin rainawa ba ne, domin binciken da aka yi a Finland a 2001 da na Amurka a 2002 sun nuna yana rage haɗarin kamuwa da suga da kashi 58 cikin ɗari ga masu dab da kamuwa. Amma Goggo ta riga ta kamu. Kuma ina za ta yi tattakin? Matar da ba ta saba fita ba, a garin da su kansu manoman Bakolori sai sun ji labarin hanya kafin su tafi gona.

Tiyatar magani ce ta gaske, ban yi shakka ba. Kada a haɗa ta da zuƙe kitse, aikin kwalliyar da Stella Obasanjo ta rasu a bayansa a Sifen a 2005. A tiyatar rage ƙiba kuwa, tumbi ake yankewa, a cire kamar kashi 80 cikin ɗari, ko a yi wa abinci gajeriyar hanya zuwa hanji. A Suwidin tun 1987 ake bin dubban mutane, an ga waɗanda aka yi wa aikin sun riƙe raguwar nauyi shekara da shekaru, mutuwa ma ta ragu a cikinsu. Da yawa sukan samu sauƙin suga.

Abin da ke hana ni barci shi ne bayan an sauka daga jirgi. Makonnin farko abu mai ruwa-ruwa kaɗai za ta sha. Daga nan 'yar loma. Ƙwayoyin ƙarin jini da bitamin B12 da sinadarin ƙashi har ƙarshen rayuwa, da gwajin jini a kai a kai. In ɗinki ya yi yoyo da tsakar dare, sai Gusau ko asibitin koyarwa na Sakkwato, a hanyar da direba ba ya yarda ya bi in rana ta faɗi. Sannan ga mutanenmu. Mu ne muke cewa mace ta yi kyau in ta yi ƙiba, mu ne 'yan matanmu ke shan "sha ka fashe" kafin biki. Duk wadda ta zo dubiya ta ga Goggo ta zube, cewa za ta yi an yi mata sammu, ta tura mata kwanon fura.

Na faɗa wa ɗan nata: "Yaya, in dai za ta zauna wurinka shekara guda, likita na ganin ta, ka kuma ɗauki nauyin ƙwayoyin nan har abada, to bismilla. In kuwa sati biyu za a yi a maido ta Tsibiri, bar kuɗinka mu saya mata maganin suga da na'urar gwaji."

Da na kai wa Goggo maganar, ba ta tambayi kuɗi ba, ba ta tambayi haɗari ba. Cewa ta yi: "Kai ɗan nan, in an yi, zan iya azumi? Zan iya sujada?"

Na ce azumin bana dai sai abin da likita ya ce. Sujada kuwa ina sa rai. Ta yi shiru, ta jawo carbinta, ta ce a kira mata Abuja bayan la'asar.